Labarin Fasto Bodelschwingh, Mai Riƙon Marasa Gata

Ya kai sabon mai bi, ko a Saminaka ka ke, ko cikin ƙauyukan dajin Birnin Gwari, ka san irin mutumin nan wanda gemu ya fito masa, amma hankalinsa na yaro ne. Muddin uwatasa tana da rai, yana ci yana sha. Ran da ta mutu fa, sai dangi su cinye gonarsa, yara su bi shi da jifa a kasuwa. Ga labarin wani bawan Allah wanda ya tsaya wa irinsu.

An haifi Friedrich von Bodelschwingh a ƙasar Jamus cikin 1831. Ɗan babban gida ne, gama ubansa ya riƙe baitulmalin sarkin Furusiya. Ya fara koyon aikin gona, bayan haka ya zama fasto, ya yi hidima wurin matalautan Jamusawa a birnin Faris. Cikin watan Janairu 1869 ciwo ya shiga gidansa, 'ya'yansa huɗu duka suka mutu cikin mako biyu. Mutum ne kuwa wanda baƙin ciki bai taurare shi ba, sai ya buɗe masa ido.

Cikin 1872 aka ba shi riƙon wani ƙaramin gida na masu farfaɗiya kusa da garin Bielefeld, wanda aka kira Betel, wato Gidan Allah. Daga baya suka karɓi masu ƙarancin hankali kuma. Ka lura da yadda ya yi, gama nan ne kan magana. Bai tara su waje ɗaya kamar 'yan kurkuku ba. Ya raba su gida gida, kowane gida da uba da uwa masu lura da ci da sutura da kwanansu. Kowa aka ba shi aiki gwargwadon ƙarfinsa, wani noma, wani sana'ar hannu, domin ya ga wanda aka hana shi aiki an hana shi mutunci ke nan.

Shi kaɗai ba ya iya wannan. 'Yan mata na ekklesiya suka ba da kansu, cikin 1877 kuma aka kafa ƙungiyar samari mai suna Nazarat. Waɗanda ba su iya zuwa ba suka riƙa aiko da kwabbai da tsofaffin tufafi. Da ya rasu cikin 1910, Betel ta zama gari sosai.

Ɗansa Fritz ya gaje shi. Cikin 1940 gwamnatin Hitila ta aiko da takardu a rubuta sunayen marasa lafiyan nan, nufinta kuwa a kashe su. Mutanen da ba su iya faɗa wa kansu ko kalma ɗaya ba, ransu yana hannun mai riƙonsu. Fritz ya ƙi cika takardun, ya yi ta jayayya da manyan gwamnati. An ɗauke waɗansu Yahudawa daga cikinsu aka kashe, amma mafi yawa suna nan da rai sa'ad da aka tsai da umurnin cikin watan Agusta 1941.