Marianne North: Matar da Ta Zaga Duniya da Buroshin Zane

 A wannan karon mun ɗauko muku labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Marianne North, wadda ta rasu tun 1890. Tsakanin 1871 da 1885 ta taka kowace nahiya ta duniya in ban da Antatika, mafi yawan lokuta ita kaɗai, tana zama a gaban itatuwa da furanni tana zana su a inda suka tsiro. Zane-zanenta 832 suna nan har yau a ɗaki guda, a lambun tsirrai na Kew da ke birnin Landan.

Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 24 ga Oktoba, 1830, a Hastings, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinta, Frederick North, mai hali ne, kuma ya wakilci garin a majalisar dokokin ƙasar. Kamar yawancin 'yan matan zamaninta, zamanta a makaranta bai yi tsawo ba. Galibin abin da ta sani a gida ta koye shi, daga karance-karance da kuma yawon da iyayenta suke yi da ita a ƙasashen Turai. Da farko waƙa ta sa a gaba, ta yi shekaru tana koyonta, amma muryarta ba ta kai ta inda take so ba. Sai ta mayar da hankali kan zanen furanni.

A 1855 mahaifiyarta ta rasu, bayan ta karɓi alkawari daga wurinta cewa ba za ta rabu da mahaifinta ba. Marianne ta riƙe wannan alkawari shekara 14. Ita ce mai kula da gidansa, ita ce abokiyar tafiyarsa, har suka je Masar da Sham tare. Mahaifin yana abota da manyan masana, cikinsu har da Sir William Hooker, shugaban lambun Kew. A can ne ta fara ganin tsirran ƙasashe masu zafi a cikin manyan ɗakunan gilashi da ake ɗumama musu, sha'awar ganinsu a ƙasashensu na asali ta kama ta. A 1867 wani mai zane da ya taso a Ostareliya, Robert Dowling, ya koya mata aiki da fentin mai, daga nan ba ta sake komawa ga fentin ruwa ba sosai.

Rasuwar mahaifi da soma tafiya

A Oktoban 1869 mahaifinta ya rasu. Tana da shekara 39, ba ta yi aure ba, kuma mutumin da ta gina rayuwarta a kansa ya tafi. Abin da al'adar Ingila ta lokacin take tsammani daga mace irinta shi ne ta koma gidan wani ɗan uwa ta zauna shiru. Ita kuwa sai ta bar gidan Hastings, ta koma zama a ɗan masauki a Landan, ta yanke shawarar kashe gādonta wajen zana tsirran duniya.

A 1871, tana da shekara 40, ta shiga jirgin ruwa zuwa Amurka da Kanada. Daga nan ta gangara tsibirin Jamaika, inda ta kama hayar gida a cikin wani tsohon lambun tsirrai da aka yi watsi da shi, ta yi wata biyar tana aiki. Da safe takan fita da kayanta ta yi zane a waje, in ruwan sama ya sauko ta koma ciki ta ci gaba da furannin da ta tsinko. A 1872 ta wuce Birazil, ta shiga yankin Minas Gerais a kan alfadari, ta yi wata takwas a can. Ta dawo gida da zane fiye da 100.

Yadda take aiki

Domin mu gane abin da ta yi, sai mun san yadda ake zanen tsirrai kafin ita. Masu bincike kan tsinko tsiro daga wata ƙasa, su danne shi tsakanin takardu ya bushe, ko su kawo irinsa a shuka a ɗakin gilashi. Mai zane a Turai sai ya zana reshe ɗaya a kan farar takarda da fentin ruwa. Irin wannan zane yana nuna siffar ganye da fure daidai, amma ba ya gaya maka ko tsiron a fadama yake fitowa ko a kan dutse, ko wane ƙwaro ne yake ziyartarsa. Kyamarar lokacin kuma baƙi da fari kawai take ɗauka, ga nauyi.

Marianne takan je inda tsiron yake, ta kafa kujerarta, ta zana shi tare da maƙwabtansa: itacen da ya naɗe, tsuntsun da ya sauka a kansa, dutsen da ke bayansa, wani lokaci har da gidajen mutanen wurin. Fentin mai take amfani da shi, a kan takarda mai kauri wadda ta fi allon katako sauƙin ɗauka. Abin da ya sawwaƙa mata shi ne fentin da ake zubawa a 'yan bututun ƙarfe masu murfi, wanda aka ƙirƙiro a 1841. Kafin wannan, sai mai zane ya niƙa launi ya kwaɓa shi da mai, ko ya adana shi a cikin mafitsarar dabba, wadda kan fashe a hanya.

Zane a fili yana da wahalar da mai zama a ɗaki bai sani ba. Rana tana tafiya, inuwa tana canja wuri, launin da ka gani da hantsi ba shi za ka gani da la'asar ba. Wani furen kwana ɗaya yake yi ya yanƙwane. Iska tana kaɗa takarda, ƙura da ƙananan ƙwari suna mannewa a ɗanyen fenti, sauro da tururuwa ba sa ɗaga ƙafa, jama'a kuma sukan taru suna kallon wannan baƙuwa. Shi ya sa ta koyi aiki da sauri, tana ɗora launi kai tsaye, ba ta ɓata lokaci wajen dogon shiri.

Tsiron da masana ba su sani ba

A 1875 ta je tsibirin Tenerife, sannan ta kama tafiyar zagaya duniya: Kalifoniya, Japan, Singafo, Borniyo, Jawa da Silon, wadda yau ake kira Siri Lanka. A Kalifoniya ta zana manyan itatuwan nan masu jan katako da suke cikin mafi tsawo a duniya, ta kuma nuna ɓacin ranta a rubuce kan yadda ake sare su ba ƙaƙƙautawa. A Japan sanyi ya kwantar da ita da ciwon gaɓoɓi, dole ta nemi ƙasa mai zafi.

A 1876, a yankin Sarawak na tsibirin Borniyo, aka kawo mata wani tsiro daga duwatsun farar ƙasa. Ƙarshen ganyensa kamar ɗan tulu ne mai murfi, da ruwa a ciki. Ƙwaro kan zo shan zaƙi a bakin tulun, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki, tsiron ya narkar da shi ya samu abincin da ƙasar wurin ba ta da shi. Ta zana shi yadda ta gan shi. Da aka nuna zanen a Landan, wani mai sana'ar renon tsirrai, Harry Veitch, ya lura cewa wannan nau'in ba ya cikin waɗanda masana Turai suka sani. Ya tura mutum Borniyo ya nemo shi, a 1881 kuma Sir Joseph Hooker ya raɗa masa suna Nepenthes northiana, don girmama ta. Akwai wasu tsirran da ke ɗauke da sunanta, kamar Kniphofia northiae na Afirka ta Kudu da itacen Northia na tsibiran Seshel. Da zanen nata bai yi daidai da abin da ke gabanta ba, da babu wanda zai gane cewa sabon abu ne.

Daga nan ta shafe fiye da shekara guda a Indiya, inda ta yi zane sama da 200, har da na wata bishiyar kuka da ta tarar a wani lambu a garin Tanjore. Duk wanda ya duba zane-zanenta zai ga abubuwan da muka sani a kasuwanninmu, irin su mangwaro, gwanda da ayaba, kusa da waɗanda ba mu taɓa gani ba.

Ɗakin da ta gina

A 1879 ta baje kolin aikinta a Landan, mutane suka yi ta tururuwa. Ganin haka sai ta rubuta wa Sir Joseph Hooker, wanda ya gaji mahaifinsa a shugabancin Kew, cewa za ta ba lambun zane-zanenta kyauta, kuma za ta gina musu ɗaki da kuɗinta. Aka amince. Abokinta James Fergusson ya tsara ginin, ita kuma ta jera zanen da kanta, ƙasa bayan ƙasa, manne da juna babu tazara. A ƙasan bangon ta jera katako iri 246 da ta tattaro a tafiye-tafiyenta. Ta so a riƙa sayar wa baƙi shayi da kofi a wurin, Hooker ya ƙi. Sai ta zana tsiron shayi da na kofi a saman ƙofofin ɗakin, suna nan har yanzu.

Ana cikin ginin ne Charles Darwin, wanda ya san mahaifinta, ya ba ta shawarar kada ta ɗauka ta gama sai ta ga tsirran Ostareliya, domin ba su da kama da na ko'ina. A 1880 ta tafi can, ta haɗa da Niyu Zilan. An buɗe ɗakin a watan Yunin 1882.

Da ta duba bangon sai ta ga babu Afirka a ciki. A shekarar ta nufi Afirka ta Kudu, a 1883 kuma ta je tsibiran Seshel, inda ta zana kwakwar teku, wadda ƙwallonta ya fi na kowane tsiro girma a duniya. A nan lafiyarta ta taɓu ƙwarai. An killace matafiya saboda ɓarkewar cutar agana, zaman ya dagula mata hankali, ga jinta yana raguwa. Duk da haka a 1884 ta yi tafiyarta ta ƙarshe zuwa ƙasar Cile, ta hau tsaunuka don ta zana itacen Araucaria a inda yake fitowa. Aka ƙara wa ɗakin na Kew wani sashe don waɗannan sababbin zane-zane.

Abin da ya kamata a sani

Adalci ne a faɗi cewa ba ƙoƙarinta kaɗai ya kai ta waɗannan wurare ba. Tana da dukiyar gādo. Takan tafi da wasiƙun gabatarwa zuwa ga gwamnoni da manyan jami'ai, kuma da yawa daga ƙasashen da ta ziyarta suna ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila a lokacin. Mashigin ruwan Suwez da layin dogon da ya ratsa Amurka duk an buɗe su a 1869, suka rage nisan tafiya. Sannan akwai 'yan ƙasa da suka ɗauki kayanta, suka tuƙa kwalekwalenta, suka nuna mata inda tsirrai suke. Su sun san waɗannan tsirrai da sunayensu da amfaninsu tun kafin a raɗa musu sunan Latin, amma tarihi bai adana sunayen yawancinsu ba.

Ƙarshen rayuwarta

A 1886 ta koma wani ƙauye mai suna Alderley a yankin Gloucestershire, ta shuka lambu, ta ci gaba da rubuta tarihin rayuwarta. Ta rasu ranar 30 ga Agusta, 1890, tana da shekara 59. Ƙanwarta Catherine ce ta tace rubutun, aka buga shi a 1892.

An gyara ɗakin nata tsakanin 2008 da 2009, har masu gyaran suka gano wani zanen da ke ɓoye a bayan wani fiye da shekara 100. Zane-zanen sun ƙunshi tsirrai sama da iri 900. Darajarsu tana ƙaruwa ne domin da yawa daga dazuzzukan da ta zauna a cikinsu an sare su, an mayar da su gonaki da garuruwa, zanenta ya zama shaidar yadda suke a da.

'Yan uwa, aikinta ya tsaya ne a kan duban abu da kyau kafin a zana shi, wannan kuwa ba ya buƙatar jirgin ruwa. Ga aikin da muke ba masu sha'awa: ku zaɓi bishiya ɗaya a harabar makaranta, ku zauna gabanta da fensir da takarda na rabin awa. Ku ƙirga yadda ganyen ya jeru a reshe, ku duba ɓawon jikinta da ƙwarin da ke hawanta. Ku rubuta sunanta na Hausa, da ranar, da wurin, a ƙasan zanen. Ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, za mu manna waɗanda suka fi kyau a wannan allo a fitowa ta gaba.