Ole Romer: Mutumin da Ya Gano Haske Ma Tafiya Yake Yi

Duk wanda ya zauna ajin fiziks zai tuna ƙa'idar nan da muka haddace, wato gudu shi ne nisan da aka ci a raba shi da lokacin da aka ɗauka. Motar da ta ci kilomita 120 cikin awa 2, gudunta kilomita 60 ne a awa. A wannan fitowa ina so in ba ku tarihin mutumin da ya fara nuna cewa haske ma yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

An haifi Ole Romer a garin Arhus na ƙasar Danmak a 1644. Ya yi karatu a Jami'ar Kofenhegen, sannan a 1672 ya tafi Faris aiki a gidan nazarin taurari na Sarkin Faransa. A zamanin, manyan masana da yawa sun ɗauka haske ba ya ɗaukar lokaci sam, da an kunna fitila ya isa ko'ina.

Aikin da ya sa a gaba shi ne lura da Ayo, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, wanda ke kewaya ta cikin kimanin awa 42 da rabi, yana shiga inuwarta yana fita. Sai ya ga idan duniyarmu tana nisanta daga Mushtari, husufin yakan makara, idan kuma tana kusantarta, yakan zo da wuri. Romer bai ɗora laifin a kan agogo ba. Ya fahimci cewa Ayo bai sauya tafiyarsa ba, hasken da ke kawo mana labarin husufin ne hanya ta yi masa tsawo. A 1676 ya sanar tun da wuri cewa husufin ranar 9 ga Nuwamba zai makara da minti 10, haka kuwa aka yi.

Lissafinsa ya nuna haske na bukatar kimanin minti 22 kafin ya ratsa faɗin hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana. Yau mun san bai cika minti 17 ba, amma ƙa'idar tasa daidai take. Duk da haka Kasini, babban masanin gidan, bai yarda ba.

Abin da ya fi jan hankalina, ni ma'aikacin gwamnati, shi ne rayuwarsa bayan ya koma gida a 1681. Ya zama farfesa, kuma bai raina ƙananan ayyukan hukuma ba. A 1683 ya daidaita mudu da sikeli a faɗin ƙasar, yadda awon wannan kasuwa zai zama ɗaya da na waccan. A 1700 ya sa Danmak ta koma kan kalandar Miladiyya da ake amfani da ita yanzu. A 1705 aka naɗa shi shugaban 'yan sandan Kofenhegen, ya kuma kula da fitilun titunan birnin. A ganina hali ɗaya ne ya bi shi daga Faris har ofis: bai yarda a ce ɗan bambanci a awo ba komai ba ne. Mu da fayil da alƙaluman jama'a ke bi ta hannunmu kullum, akwai abin koyi a nan.

Romer ya rasu a 1710, gardamar ba ta ƙare ba. Gobarar Kofenhegen ta 1728 ta cinye mafi yawan rubuce-rubucensa na taurari. Sai a 1729 Jems Biradili na Ingila ya kawo hujja ta wata hanya dabam, masana suka sallama. Tun 1983 kuwa an tsayar da gudun haske a mita 299,792,458 cikin daƙiƙa guda, har ma da shi ake fayyace tsawon mitar kanta.