Tarihin Likita Mila, Baturen Mishan Da Ya Yi Shekara Hamsin A Ƙasar Hausa

Daga cikin Turawan da suka baro garuruwansu bisa ra'ayin kansu, ba don mulki ko ciniki ba, suka zo ƙasar Hausa yaɗa addinin Kirista, babu wanda sunansa ya zauna a bakin jama'a kamar Dokta Walter Miller, wanda Zage-zagi suka fi sani da Likita Mila. Ya zo ne da burin juyar da Musulmin Arewa zuwa addininsa, amma mutanen da suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya wanzu a bayansa shi ne aikin da ya riƙa yi kullum safiya, watau ba da magani, da koyar da yara, da fassara.

Shi dai Likita Mila an haife shi a Ingila cikin shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya gama sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S., ita kuwa ta tura shi Tarabulus ta ƙasar Libiya domin ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. A can ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa a kan harshe.

A farkon shekarar 1900 suka taso daga Ikko su biyar, a ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell, suka nufo Kano. A lokacin babu jirgin ƙasa, sai tafiyar ƙafa da doki, da 'yan alaro ɗauke da kaya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma da suka isa Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka komo Girku, kudu da Zariya, suka kafa bukkoki. A nan ciwo ya kashe ɗayansu mai suna Dudley Ryder, wani kuma aka mai da shi gida ba lafiya. Wannan kasada ba ta yi wa Gwamna Lugga daɗi ba, domin a lokacin Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba tukuna.

Duk da haka Likita Mila bai karaya ba. A shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, saboda Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addinin Musulunci ba, don haka suka riƙa taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan.

Zamansa a birni ba irin na Turawan Bariki ba ne. Gidan ƙasa ya zauna, a tsakiyar jama'a, Hausa kuma ita ce harshen gidansa. Marasa lafiya sukan zo ɗakin shan maganinsa da gyambo da ciwon ido da zazzaɓi. Yaran makarantarsa a gidansa suke kwana, a nan suke ci, shi ne malaminsu, shi ne kuma uban goyonsu. Sauran lokacinsa kuwa yakan ƙare ne a kan takarda, yana auna kalmomin Hausa tare da mataimakansa, ana neman wadda ta dace da ma'ana. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, alhali waɗanda suka karɓi addininsa a birni ana iya ƙidaya su.

A shekarar 1913 ne ya ga kamar haƙarsa ta cim ma ruwa. Waɗansu mutane da ake kira Isawa, jikokin almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, suka zo wurinsa neman ƙarin bayani a kan Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, har da makaranta. Amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kashe jama'a da yawa, tilas aka tashi, aka kwaso waɗanda suka saura zuwa Zariya.

Likita Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya sha kai ƙarar hukumar gargajiya wurin Turawa a kan zaluntar talakawa, har dangantakarsa da Sarki Aliyu ta yi tsami. Da aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924, mutane da dama sun ɗora wa Likita alhakin abin. Su ma Turawan mulki ba su tsira daga sukarsa ba, kamar yadda littattafan da ya rubuta da Turanci suka nuna.

A shekarar 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Shi kuwa ya duƙufa a kan babban aikinsa, fassarar Littafi Mai Tsarki, tare da waɗansu 'yan mishan irin su Dokta Stirrett na ƙungiyar S.I.M. An buga littafin cikakke a shekarar 1932 da rubutun boko, wanda tun farko Likita Mila yana cikin masu matsa wa gwamnati ta riƙa rubuta Hausa da shi maimakon ajami. Da aka sassauta wa 'yan mishan suka shiga ƙasar Kano da Katsina, har S.I.M. ta buɗe makarantar yara maza a Roni ta ƙasar Kazaure, wannan fassara ce suka tarar a shirye.

Amfanin makarantar da ya dasa ya bayyana ne bayan an daɗe. Daga wannan tushe aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Haka kuma Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, ya fara karatu.

Likita Mila ya bar aikin C.M.S. a shekarar 1935, amma daga baya a Nijeriya ya zaɓi ƙarasa kwanakinsa. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80.

Ra'ayin jama'a a kansa ya kasu biyu. Waɗansu suna tuna shi da neman raba mutane da addinin iyayensu da shiga sha'anin sarauta, waɗansu kuwa da magani da ilmi. Amma duka sun yarda da abu guda: baƙo ne da ya zauna, ya koyi harshen masu gida har ya iya, ya kuma riƙe aikinsa shekara da shekaru bai sake ba. Ma'aikaci ko ɗalibin da aka tura wani gari bauta wa ƙasa yana da abin dubawa a nan, ko da kuwa bai yarda da abin da ya kawo Likita Mila ba.