Soichiro Honda, ɗan maƙerin da ya farfaɗo da injinan da aka yar

Babur ɗin marigayi mahaifina ya yi shekara bakwai jingine a ɗakin ajiya a gidanmu na Kumasi, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Honda ne, ƙaramin nan da ake kira Cub. Da kuɗin mota zuwa makarantar da nake koyarwa ya fara cinye mini albashi, sai na fito da shi. Na yi ta taka kik har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Laifin namu ne, mu da muka bar shi da fetur a ciki. A makonnin da na yi ina jigila tsakanin gida da Magazin na Suame ne na nemi sanin mutumin da sunansa ke jikin wannan ƙarfe.

An haifi Soichiro Honda a 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu, a ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna, mahaifiyarsa kuma masaƙiya. Karatu bai dame shi ba. An ce har hatimin gidansu ya sassaƙa da roba, yana buga wa takardar sakamakon jarrabawarsa don kada ta kai hannun babansa. A matsayina na malami abin bai ba ni dariya sosai ba, don ina da irinsa biyu a aji.

A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokiyo koyon kanikanci a garejin Art Shokai. Watannin farko ko sifana ba a ba shi ba, renon ɗan maigida aka sa shi. Ya daure. Bayan shekara shida maigidan ya yarje masa ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu, a 1928. Ya yi suna wajen gyara, ya kuma shiga tseren motoci, har wani mummunan haɗari a 1936 ya kusa tafiya da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ya bar gyara ya koma ƙera zoben fistin, wanda kanikawa ke kira ringi. Ya kai wa Toyota guda 50 a gwada, uku kacal suka tsallake. Mutumin da ya raina aji sai ga shi, yana da shekara talatin da iyali da ma'aikata, ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu yana zama cikin yara don ya koyi sirrin narka ƙarfe. Jarrabawa dai bai yi ba, takardar shaida ma bai samu ba, amma ringinsa ya gyaru, Toyota ta riƙa saye.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe masa komai. Bam ya ci masana'antarsa ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta kayar da wata a 1945. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya zauna kusan shekara bai yi sana'a ba.

A 1946 Japan na cikin talauci, jiragen ƙasa a cushe, fetur sai an sha wuya. Sai Honda ya ci karo da wasu ƙananan injina, kimanin 500, waɗanda sojoji suka yi amfani da su wajen ba wa rediyon oba-oba wuta, yaƙi ya ƙare aka watsar da su. Ya saye su da araha, ya gyara, ya ɗaura wa kekuna. A gwajin farko, kwalbar ruwan zafi ta ɗumama shimfiɗa ya mayar tankin mai. Mutane suka yi rububin saye har injinan suka ƙare, dole ya ƙera nasa. Kamfanin Honda ya tsaya da ƙafarsa a 1948, a shekara mai zuwa Takeo Fujisawa ya shigo ya riƙe ɓangaren kuɗi, don shi Honda a wurin ƙarfe hankalinsa yake.

Ina karanta wannan ne a daidai lokacin da bakanikena, wani dattijo da ba ya son gaggawa, ke hana ni sayen abin da ban buƙata ba. Tsohon fetur kan daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto, don haka wankewa ya yi, bai canza ba. Ya juye tankin ya fitar da tsatsa. Ya kwance fulogi ya ɗiga ɗan mai a ramin, ya juya injin a hankali da hannu, saboda ringin da ya daɗe a bushe kan kankare silinda idan aka tashe shi da ƙarfi. Ni kuwa na riga na yi ta taka kik, Allah dai ya rufa asiri. Baƙin mai da fulogi da wayar birki su ne sabbin da na saya a watan farko. Batir ya jira wata na biyu, tunda kik na tashinsa.

Irin babur ɗin nan, Super Cub, a 1958 ya fito, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Honda da Fujisawa sun sauka tare a 1973, ba kuma su gadar wa 'ya'yansu kujerun ba, abin da a zangonmu za a daɗe ana surutu a kai. Ya rasu ranar 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84.

Babur ɗin ya tashi ranar wata Alhamis bayan la'asar, da hayaƙi kamar ana ƙona shara. Mahaifiyata ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce komai ba, ta koma ciki. Tayoyin sun tsattsage saboda zama, ko da yake ba su cinye ba. Na canza ta gaba. Ta baya sai an yi albashi, shi ya sa har yanzu ba na ɗaukar kowa, kuma ba na hawa babban titi.