Georg Ohm: Malamin da aka raina bincikensa kafin duniya ta karɓa

An haifi Georg Simon Ohm a Erlangen da ke Jamus a 1789. Mahaifinsa, maƙerin makulli, shi ya koya masa lissafi.

Yana koyarwa a makarantar sakandare a Cologne ya wallafa bincikensa a 1827: idan aka raba ƙarfin turin lantarki da yawan wutar da ke gudana, sai a samu turjiyar waya. Misali, bolt 12 da amfiya 2 na ba da turjiya 6. In kuwa aka ninka su, wutar da ake ci wat 24 ce.

Masanan ƙasarsa sun yi biris da aikin, har ya ajiye koyarwa. Sai a 1841 aka karrama shi da lambar Copley a Landan. Ya mutu a Munich a 1854. Yau da sunansa ake auna turjiya.