Jibo Bakari, jagoran Sawaba da ya ƙi bin Faransa

A filinmu na tarihi yau za mu waiwayi rayuwar marigayi Jibo Bakari, mutumin da ƴan kasuwa da direbobi da leburori suka ɗauka a kafaɗa har ya kai ga shugabancin gwamnatin Nijar tun Nasara bai tafi ba.

An haife shi a shekara ta 1922 a ƙauyen Sudure kusa da Yamai. Ya yi karatu a makarantar Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, ya dawo ya zama malamin lakwal. A wancan zamani Faransa ta riga ta ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai tun 1926, kuma tana kallon gabashin ƙasa da idon zargi saboda zumunci da cinikin da ke tsakaninmu da Kano da Katsina. Ta haka aikin ofis ya taru a yamma, yayin da gabas ke noman gyaɗa tana biyan haraji.

Jibo Bakari Bazabarme ne, amma bai yarda da wannan rabo ba. Ya shiga jam'iyyar PPN-RDA da aka kafa a 1946, daga bisani ya raba gari da ita lokacin da shugabanninta suka sassauta wa Faransa. Ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, sannan ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Ita ce ta zama Sawaba, sunan da muka san ƴan NEPU na Kano ma sun yi amfani da shi. Ƙarfinta yana cikin kasuwanni da tashoshin mota na Maraɗi, Tasawa da Damagaram, kuma mata sun taka rawa sosai wajen yaɗa ta.

A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Sai Janar Dagol ya kira zaɓen raba gardama ran 28 ga Satumba 1958: ko a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a karɓi ƴanci nan take. Jibo ya zaɓi ƴanci, kamar Seku Ture na Gini. Faransa, wadda ke yaƙi a Aljeriya maƙwabciyarmu, ba ta lamunta ba. Ta turo sabon gwamna, Kolombani, sarakuna da dama suka juya wa Sawaba baya, aka bayyana cewa kashi 78 cikin ɗari sun amince da Faransa.

Jibo ya sauka daga mulki, Jori Hamani ya gaje shi, aka haramta Sawaba a 1959. Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, yana gudun hijira. Yunƙurin da magoya bayansa suka yi da makamai a 1964 ya ci tura, ya kuma jawo asarar rayuka da kame-kame. Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seini Kunce na 1974, amma aka tsare shi shekaru da dama. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Har yau ana gardama kan ko ya yi gaggawa. Abin da muka tabbata shi ne, ya haɗa talakan gabas da na yamma cikin jam'iyya guda a lokacin da ake ƙoƙarin raba su. Allah ya ji ƙansa.