Rontgen, Wanda Ya Fara Leƙa Cikin Jiki Ba da Wuƙa Ba

Kowa a kwalejin nan ya san abin da kan faru a filin ƙwallo. Yaro yana cikin gudu, ya kafa ƙafa ɗaya zai juya, sai a ji ƙas, ya zube yana riƙe da gwiwa. Kafin magariba gwiwa ta kumbura suntum. A garinmu Akurba, nan kusa da Lafiya, wurin maɗori a kan fara kai irin wannan, in abin ya ƙi sa'an nan a tafi asibiti a ɗauki hoto. Sau da yawa kuwa likita ya kan ɗaga hoton ya duba, ya ga ƙashi kalau, ba karaya ba tsagewa, amma ga yaro ya kasa taka ƙafa. To, labarin mutumin da ya samo wannan hoto na ke so in ba 'yan'uwana, da dalilin da ya sa hoton nasa ba ya ganin irin wannan rauni.

Sunansa Wilhelm Conrad Rontgen. An haife shi ran 27 ga Maris 1845 a wani ƙaramin gari wai shi Lennep, a ƙasar Jamus. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sana'ar tufa, uwarsa kuwa daga ƙasar Holan ta fito, shi kaɗai suka haifa. Yana da shekara 3 suka yi ƙaura zuwa Apeldoorn a Holan, can ya girma. A 1862 aka sa shi makarantar koyon sana'a a birnin Utrecht.

A nan ne wani abu ya same shi wanda ya kamata mu da mu ke shirin riƙe aji mu tsaya mu duba. Wani yaro ya zana hoton wani malami don a yi dariya, aka ɗora wa Rontgen laifin. Ya san wanda ya yi, amma ya ƙi tona shi. Sai aka kore shi, ya fita ba takardar shaida. A ganina malaman nan sun yi gaggawa ƙwarai. Hukuncin yini ɗaya ne a wurinsu, shi kuwa ya bi shi shekaru da yawa. Jami'ar Utrecht ta ƙi rubuta sunansa cikin ɗalibanta, sai dai ya shiga ya saurara kamar baƙo. Da ya ji labarin wata babbar makaranta a Zurich, ƙasar Suwizalan, wadda ba ta tsananta a kan wannan takarda ba, sai ya tafi can a 1865. Ya gama karatun injiniya a 1868, ya sami digirin dakta a 1869. Wani shehun malamin kimiyya, August Kundt, ya ga hankalinsa ya ɗauke shi mataimaki, ya tafi da shi Jami'ar Wurzburg a Jamus. Can ma da aka zo maganar ba shi matsayin koyarwa, aka sake tambayar takardar nan, aka hana shi.

Ya auri Anna Bertha Ludwig a 1872. Ba su sami haihuwa ba, suka ɗauki 'yar ɗan'uwanta suka riƙe. Ya koyar a Strasbourg da Giessen, har a 1888 Wurzburg ɗin da ta hana shi ta aiko masa da kanta ya zo ya zama shehun malami, a 1894 kuma ya shugabanci jami'ar duka. Mutum ne marar yawan magana, mai son hawan duwatsu da farauta, yawancin kayan gwajinsa ma da hannunsa ya ke haɗawa.

Ran 8 ga Nuwamba 1895, yana da shekara 50, yana gwaji da wani bututun gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa, a ke sakar masa lantarki. Ya rufe bututun ruf da baƙin kwali, ya duhunta ɗakin. Sai ya hangi wata takarda can gefe, wadda aka shafe da wani magani, tana ƙyalli. Ya kashe lantarki, ƙyallin ya ɗauke. Ya kunna, ya dawo. Watau akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ya ratsa kwalin ya fito. Ya sa littafi a tsakani, ya ratsa. Ya sa katako, ya ratsa. Darma ce ta tare shi. Yana cikin riƙe wani abu a gaban takardar sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa. Da ya ke bai san ko wane irin haske ne ba, sai ya sa masa harafin X, yadda mu ke yi a lissafi in ba mu san adadi ba. Daga nan ne muka sami kalmar eksire.

Wajen mako bakwai ya yi a ɗakin nan, nan ya ke ci, nan ya ke kwana, bai gaya wa kowa ba sai da ya tabbatar. Wannan haƙurin ya fi ba ni sha'awa da gano hasken kansa, gama akwai waɗansu masana da suka riga shi ganin alamarsa, suka wuce ba su bi sawu ba. Ran 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe a yatsa. Ran 28 ga watan ya miƙa rahotonsa, ran 5 ga Janairu 1896 wata jarida a birnin Biyana ta buga labarin, kafin wata ya ƙare duniya duka ta ji. Cikin wannan shekara likitoci suka fara neman karaya da harsashi da allurar da ta karye cikin nama da wannan haske.

A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, shi ne na farko da ya taɓa samunta. Kuɗin ya bar wa Jami'ar Wurzburg. Aka ba shi shawara ya yi rajistar abin da ya gano da sunansa, don duk mai ƙera na'urar ya riƙa biyansa, ya ƙi. Saboda haka kowane maƙeri ya sami damar ƙerawa, abin ya bazu da sauri. Daga 1900 ya koma Munich da aiki. Matarsa ta mutu a 1919, ga shi kuma bayan Yaƙin Duniya na Farko kuɗin Jamus ya zama takarda kawai, abin da ya tara ya narke. Ya mutu ran 10 ga Fabrairu 1923 da ciwon daji na hanji, aka binne shi a Giessen. Ya bar wasiyya a ƙone takardunsa, aka kuwa ƙone da yawa.

Yanzu mu koma ga gwiwa. Mu Hausawa kome jijiya mu ke ce masa, da mai ɗaukar jini da mai kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Wadda na ke nufi a nan ita ce igiyar nan mai tauri da ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Manyansu guda 4 ne a gwiwa, biyu a gefe da gefe, biyu kuma can ciki sun gitta juna, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya daga ƙarƙashin ƙashin cinya. Ta gaba cikin masu gittawan nan ita ta fi tsinkewa a wurin 'yan ƙwallo. Hoton Rontgen kuwa inuwa ne. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari tas. Amma jijiya da tsoka da guringuntsi da jini duk kusan daidai su ke barinsa ya wuce, sai su fito kamar hazo, ba a bambanta wannan da wancan. Likitoci sun yi dabaru, su hura iska ko su ɗura wani ruwa cikin gwiwa kafin a ɗauki hoto, amma ba a cika samun biyan bukata ba.

Shekara 50 cif bayan mutuwar Rontgen, watau a 1973, wani Ba'amurke, Paul Lauterbur, ya nuna yadda za a ɗauki hoto da maganaɗisu, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila kuma ya samo hanyar yinsa da sauri. An ba su Nobel tare a 2003. Wannan shi ne hoton da likitoci ke kira MRI. Ba ya aiki da hasken Rontgen ko kaɗan. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. In an shigar da shi cikin ƙaton maganaɗisun nan, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwan su kan jeru su fuskanci wuri ɗaya. Sai a buge su da igiyar rediyo su karkace, suna komawa daidai suna ba da amo, kwamfuta ta tattara amon ta mai da shi hoto, yanki yanki kamar an yanka doya. Jijiya mai lafiya ba ta da ruwa da yawa, sai ta fito baƙa, a miƙe sambal. In ta tsinke, jini da ruwa sun shiga wurin, sai a ga ta yi fari-fari, ta katse ko ta lanƙwashe. Har ƙujewar da ƙashi ya yi ta ciki, wadda eksire ba ya nunawa, a kan gan ta.

Sai dai na'urar tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, tana da ƙara ƙwarai, mutum kuma ya kan kwanta wajen rabin sa'a ba motsi. Ba a shiga ɗakin da ƙarfe, ko makulli ne maganaɗisun fizge shi zai yi. Don haka har yanzu likita ya kan fara da hannunsa, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri ya ji ko ya zame, sa'an nan ya aika a ɗauki hoton Rontgen don ya tabbatar ba karaya. Wani lokaci ma a wannan hoton a kan ga wani ɗan ɓalli ya ɓantare a gefen kan ƙashin ƙwauri ta waje, irin wanda wani likitan Faransa, Paul Segond, ya bayyana tun 1879. In likita ya ga wannan, ya kan kusa tabbatarwa jijiyar gaba ta tsinke tun kafin a kai ga maganaɗisu.